Kabar Bakin Gona

Shekarar da na gama bautar ƙasa na koma Fakku zaman jiran aiki, a cikinta aka sa bikin ƙanwata. A gidanmu amarya ba ta fita sai da faya-fayan kaba da Kaka, mahaifiyar babanmu, ta saƙa mata da hannunta. Ban ce haka ake yi a kowane gida ba, namu dai na sani.

Kabar kuwa wuri ɗaya take yankowa, cikin ƙananan goruba da ke bakin gonarmu ta gabas. Bayan ruwa ya ɗauke, wata safiya ta miƙo mini laujenta.

"Tashi mu tahi, mijin banza. An gama boko, ko dami ba a iya ɗauka."

A hanya take faɗa mini sunaye. Ganyen da bai buɗe ba, yana nan fari a tsakiya, murli take ce masa, ko da yake na ji wasu na cewa sunan na giginya ne, ban tabbata ba. Shi take so. In ka yanki ɗaya ka bar na kusa da shi, a shanya a inuwa, a jiƙa, a tsaga da farce, a rina wani da karan dafi. Inda ake fara saƙa shi ne cibiya. Ina ta maimaitawa a raina don gudun kar in haɗa su.

Da muka iso sai ta tsaya cak.

"Mun ɓata hanya?"

Ba mu ɓata ba. Ga tsamiyar nan da na sani. Amma wurin fetal yake, sai baƙaƙen kututture da kunyoyin wake sun bi ta kansu. Kaka ta durƙusa tana tona gindin ɗaya da yatsa, toka kawai ke fitowa. Ina jin ni na fara yin salati, amma ba zan rantse ba.

Aikin yayanmu ne, wanda ke riƙe da gonar. Tun bazara ya sassare, ya ƙone, ya bi da feshi. Bai ɓoye ba da muka same shi a zaure.

"Kaka, abin nan gona yaka ci. Mi za a yi da shi? Ga robobi nan cike da kasuwa."

"Uwata nan taka yanka," in ji ta.

Ba na son in zalunce shi. Iyali sun yi yawa, gonar ba ta ƙaru ba, kuma wataƙila bai taɓa lura da inda kabar ke fitowa ba. Duk da haka na kasa haɗa ido da shi ranar.

Ranar kasuwa na hau babur har Dogon Daji na samo kaba. Kaka ta zari ɗaya ta lanƙwasa, ta karye ƙas.

"Wagga rana ta sha. Kai wa masu igiya."

Na ɗauka shi ke nan, ƙanwata za ta fita hannu sake. Sai wata rana na tarar da Kaka a tsakar gida tana warware buhunan taki, shuɗi da fari, tana naɗa zaren a kan tsintsiya. Babu jiƙo, babu tsaga, babu rini. Na tsaya ina kallo, bakina a buɗe.

"Rufe baki, ƙuda na shiga."

Ta gama kafin biki. Abin da ya fi girgiza ni shi ne lokacin da ƙanwata ta ɗaga faifan tana juyawa.

"Wallahi Kaka, wanga ya hi na Yaya babba kyau! Kuma ruwa bai ɓata shi."

Faifan kabar da Kaka ta saƙa wa babbar yayarmu a nata bikin take nufi, kuma da gaske take, har da tsalle. Na dubi Kaka ina fargabar abin da za ta ce. Dariya ta yi, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya. Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da laujen, ta miƙa mini.

"Kai wa yayanka. Shi yanka wa awaki ciyawa."