Dutsen Kawu Taminas

Bari in fara tona kaina: ni, Na-Allah, da gemuna, shekara uku ina satar gonar ƙanena taki-taki. Shi ya sa har yau in an ambaci Kawu Alu ba ni iya zama wuri ɗaya.

Kun san shi. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, ya dawo Konni da kalmar Turanci ɗaya tal: taminas, wato inda layin dogo ya ƙare. Wai wani Bature ya ce mishi kalmar ma ba tasu ba ce, wurin tsoffin Rumawa suka aro ta, kuma asalinta dutsen da ake kafawa a iyakar gona. Shi ke nan! Kawu ya samu ɗan dutse ya jefa aljihu. Da magana ta ishe shi sai ya dire shi: "Taminas!"

Ran sunan ɗiyata maroƙi ya kai kan kakanmu na bakwai, tuwo na hucewa. Sai ga dutse gaban ƙafarshi.

"Taminas! Kakannin sun ƙoshi, mu ne ba mu ci ba."

Hanyar Alela jandarma ya tare amalankenshi, kawo takarda kaza, kawo kaza. Kawu ya ɗora dutsen bisa tebur.

"Mi ne ne wannan, tsoho?"

"Takardar ƙarshe."

Wuni ya yi tsare a buro, ofishin jandarma. Da aka sallame shi, wallahi sai da ya koma karɓo dutsenshi!

Da babanmu ya rasu, muka kaure da ƙanena Jumare kan gonar Bazaga. Kawu ya ɗauko ƙaton dutse a amalanke, ya kafa tsakiya, ya faɗi kalmarshi. Ni kuwa sarkin wayo, duk ruwan shuka sai in gangara shi taki ɗaya. Jumare ya gane. Bai yi faɗa ba, gaisuwa ya ɗauke, ɗiyanshi suka bar zuwa gidana.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ya aika a kira ni da hantsi. Kwana biyu bayan nan ya cika. Bayan sadakar uku na mayar da dutsen gonar gurbinshi da ƙirjina, ina haki. Jumare ya fara amsa sallama, a taƙaice dai.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata mishi kabari, Ya sa Aljanna ce masaukinshi na ƙarshe.

Ran nan da ya kira ni da hantsi, ɗan dutsen aljihunshi ya damƙa min a hannu, ya ce, "Na-Allah, ran naka taminas, wa zai kama maka makara? Ƙanenka, ko taki ukun?"