Ƙwallo Ba Babansa Ba Ce

Lokacin da nake karanta labarin wasanni a rediyo, sunansa na cikin waɗanda suka fi ba ni wahala. Sai na rarraba shi gaɓa-gaɓa a bakina kafin a kunna jar fitila. Ɗan ƙasar Rasha ne, ɗan wasan tsakiya. Ya taso a ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet, ya buga a gida da waje har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Daga nan ya koma horar da matasa, kafin a ba shi babbar ƙungiya. Duk wannan na faɗa wa masu sauraro, alhali ban taɓa ganin ƙafarsa a kan ƙwallo ba.

Na gan shi ne bayan na bar rediyo na kama aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali da ke Dubai. A farkon shekarar da Rasha ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya, ƙungiyarsa ta guje wa ƙanƙarar ƙasarsu ta zo atisaye Dubai. Cikin waɗanda aka gayyato gwaji har da ɗan yayata daga Kaduna. In ya gamsar da kocin, su tafi da shi. In bai gamsar ba, ya riga ya yi wa mahaifinsa alkawarin haƙura da ƙwallo.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya biyo ni gida, ya zauna yana jujjuya shinkafa da cokali.

"Kawu, mutumin nan ba ya ƙaunata. Kowa ya watse, ni sai ya tsare ni a fili. Kullum magana ɗaya: ɗaga kai, ɗaga kai."

"To ka ɗaga mana."

"In ban kalli ƙwallon ba, wa zai kallar min ita?"

Washegari na je filin. Da aka sallami sauran 'yan wasa, kocin ya shiga tsakiya yana ɗingishi, furfura ta cinye masa kai, ga ɗan tumbi. Ya sa masu taimaka masa suka riƙa turo masa ƙwallo ta ko'ina. A nan na ga abin da na yi shekaru ina ba da labarinsa. Ko sau ɗaya bai dubi ƙafarsa ba. Kafin ƙwallo ta iso ya riga ya waiga hagu da dama, in ta iso sai ta kwanta kamar an kira ta, ta wuce inda ya ga dama. Ba gudu, ba ƙarfi. Filin ya yi tsit, in ban da ƙarar takalminsa. Na nemi kalmar da zan faɗa da a ce ina gaban makirufo, ban samu ba.

Da ya gama ya nufo ni. Da gurgun Turancinsa ya ce ya ga mai farar riga ya taso daga bayan raga ya koma inuwa. Ni ne, kuma a lokacin ya juya min baya. Da ya ji ni kawun yaron ne, ya tambaye ni abin da ke damunsa: me ya sa in yana magana yaron ke kallon ƙasa? Raini ne ko tsoro?

Na ce ladabi ne. A wurinmu ba a zuba wa babba ido. Na ƙara masa da cewa a Hausa, in an ce mutum yana ɗaga kai, girman kai ake nufi, kuma tun yaron nan yana ƙarami ake hana shi.

 Sai kocin ya ce shi kocinsa na yarinta kwali yake ɗaura musu a ƙarƙashin haɓa don kada su ga ƙafafunsu.

"Faɗa masa da yarenku," in ji shi. "A gabana ya kalli ƙasa, na yarda. Amma ƙwallo ba babansa ba ce."

Na faɗa masa. Yaron ya ƙunshe dariya, kansa a sunkuye.

A wasan gwaji na ƙarshe an sako shi bayan hutun rabin lokaci. Ƙwallon farko ya tsaya kallonta, aka ƙwace. Ta biyu tana tahowa na ga wuyansa ya juya, hagu, dama. Ya tura ta da taɓawa ɗaya zuwa wurin da babu kowa, sai ga abokin wasansa ya ɓullo a wurin. Ba a ci ba, mai tsaron gida ya tare. Amma ya sake yi, ya kuma sake.

Bayan an tashi kocin ya kira shi. Yaron ya zo ya tsaya, hannu a baya, ido a ƙasa. Kocin ya dube shi, sai shi ma ya mai da hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai. A haka, su biyun suna kallon ciyawa, ya ce masa ya nemi rigar sanyi mai kauri.