Matar da Ta Ƙi Musun Jan Zare

Kun kau da kai, mutanen garin nan. Kullum kuna gidajen shan gahawa kuna tauna zancen kamfanin mota, amma da aka ce Lelya Bistra Ganeva, gwaggon kowa kamar yadda laƙabin Lelya ya nuna, za ta ajiye aiki a ƙarshen wata, babu wanda ya tambayi wa zai gaje ta. Ni na tambaya, kuma amsar da na samu ce ta sa nake wannan rubutu.

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙaramar ƙofar kamfanin ya san ta. Da safe take zuwa a tsohon kekenta, da banitsa, gashin fulawa mai cuku, naɗe a takarda, ta shiga ɗan ɗakin da ke jikin ƙofa. Aikinta amsa wa jama'a: wanda ya ji an sayar da kamfanin a ɓoye, wadda ta ji ana zubar da ruwan fenti a kogi, duk wurinta suke zuwa. Ranar Asabar kuwa takan raba hular kwano ga duk mai son shiga, ta sa su a gaba, su ga yadda ake haɗa motar da idonsu. Tun ina makarantar firamare take wannan aiki.

Ku tuna bara waccan. Dattijon nan Bai Kolyo, tsohon direban tasi, yana taya maƙwabcinsa gyaran motarsa ta kamfanin, ya ɗaga kujera ya ga jan zare ɗaure a ƙarfen ƙasa. Ya duba sabuwar motarsa, babu. Nan da nan gari ya ɗauka cewa motoci masu zare su ne na ƙwarai, waɗanda aka tsoma sau biyu a ruwan hana tsatsa domin manya da 'yan ƙasar waje, marasa zare kuwa ragowa ce ake kakaba mana. Mutane suka fara fasa saye. A cikin ma'aikata aka fara raɗe-raɗin sallamar mutane, kuma babu gida a garin nan da ba shi da wani a can.

Me kamfani ya yi? Abin da ya saba. Daga babban birni aka aiko da sanarwa cewa babu wani zare, sharrin abokan gasa ne. Manaja, Gospodin Yordanov, ya sauko da kansa ya ce Lelya Bistra ta riƙa faɗa wa duk mai tambaya haka. Tsanko mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa, shi ya ba ni labari. Ya ce ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Gospodin Yordanov, zaren yana ƙarƙashin kujerar mutane. In na ce musu babu shi yau, ranar da zan ce musu birki lafiya lau, wa zai yarda da ni?"

Asabar ɗin nan ta aika a kira Bai Kolyo. Ya zo da zugar direbobi, yana cewa ya san an share wuri an ɓoye komai.

"Bai Kolyo, bakinka ya fi tasinka gudu," in ji ta. "Sa hular nan, ko da yake ban san me za ta kare ba."

"Ke dai nuna mana, 'yar koren kamfani. Yau za mu ga ƙarya da wutsiya."

Ta kai su bakin babban kwamin ruwan hana tsatsa da ake tsoma gangar jikin mota, ta ce ya nuna mata wadda za ta ƙasar waje. Ya duba, ya sake dubawa. Ƙarfe ne tsirara, duk iri ɗaya, suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan mataki babu wanda ya san mai kowace. Daga nan ta kai su inda ake sa kujeru, ta faɗi abin da aka hana ta faɗa. Tun zamanin iyayenmu, idan ɗan'uwan ma'aikaci ya yi odar mota, ma'aikacin kan ɗaura mata irin jan zaren da kakanninmu ke ɗaura wa jariri a hannu saboda kambun baka. Abokan aiki in sun gani sai su ƙara duba noti sau biyu. Ta ce zancen tsomawa sau biyu ƙarya ne, amma zare gaskiya ne, kuma son kai ne, domin motar marar dangi ma rai za ta ɗauka. Ma'aikata sun ji zafin maganar, wasu sun daina gaishe ta. Amma Bai Kolyo ya fita ya zama shi ke ƙaryata kansa a tasha, masu saye suka dawo, ba a sallami kowa ba.

Lelya Bistra, ke ce kika tsaya tsakanin kamfani mai musu da gari mai zargi, kika ƙi yi wa ko ɗaya ƙarya. Ke ce ƙofar da ba ta da sakata. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare.

Yanzu ga amsar da aka ba ni. Babu mai gadonta. Za a rufe ɗakin, a daina zagayen Asabar, a ba mu lambar waya da na'ura ke amsawa. Sun ce saboda lafiyar baƙi ne. Tsawon shekarun nan baƙo nawa ya ji ciwo? Sun ce ita ta nemi hutu. Na tambaye ta, ta yi murmushi ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata. Ni ban yarda da su ba. Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya toshe taga, kuma in wata jita-jita ta tashi gobe, sanarwar babban birni kaɗai za mu samu, mu da ayyukan iyayenmu.

Asabar mai zuwa ita ce zagayenta na ƙarshe. Ku bar gahawarku ku zo. Ku cika ƙofar nan har hular kwano ta kasa isa, ku nemi a fito da manaja, kuma kada ku watse sai ya faɗa a gabanta sunan wanda zai buɗe ƙofar Asabar ta gaba.