Mai Ɗora Fuskar Maƙwabta a Jikin Taurari

Kullum da safe Baba Kala zai jawo bencinsa bakin shago, ya wanke burushi a gwangwanin madara, ya kunna rediyo. Daga nan sai aiki: jaruman fim, mawaƙa, 'yan ƙwallo, a bangon shagon aski ko a bayan babbar mota. Haka muka taso muka gan shi.

Sai dai yana da wata ɗabi'a. Jikin tauraro zai zana, amma fuskar ta wani ce a layinmu. Telanmu mai tumbi, wanda ko gudun ruwan sama ba ya iyawa, ga shi can a bango yana buga ƙwallo da ka. Ya yi fushi, ya ce an mai da shi abin dariya, amma duk baƙon da ya yi sai ya kai shi ya gani.

Bara hannun Baba ya fara rawa, ya ajiye burushi. Ana haka sabon mai gidan da shagon askin yake ya ce zai rushe bangon. A jikin bangon nan akwai mai tsaron raga da fuskar wani direba da ya rasu, ya bar 'ya a goye. Hotunansa sun tafi da wayarsa da ta lalace. Matarsa ta zo ta durƙusa.

"Baba, in bangon nan ya faɗi, yarinyar nan ba za ta san fuskar ubanta ba."

Bai yi mata alkawari ba. Washegari muka gan shi gaban bangon da allon katako, ya tallafe hannun dama da na hagu, yana kwafe hoton direban a kan allon. Magina na jira, ya ce su yi haƙuri, bai gama idanun ba. Suka jira kuwa. Yanzu allon yana ɗakin matar.

Baba Kala, kai ne ka nuna mana cewa fuskokinmu ma sun isa a kalla. Ina alfahari da kai, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma matasa masu zane, ku zana taurarinku, ba laifi. Amma ku ɗaga kai ku dubi mutumin da ke zaune kusa da ku tun yana nan.