Tudun Ƙofar Alhaji Seyni

Cikin shekarun da na yi a biron nan, wato ofishinmu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda na saka ordinatar, wato kwamfuta, a jaka na kai ta zauren Alhaji Seyni a unguwar Bobiyel, nan Yamai. Ku sababbin shiga, masu ganin da an danna maɓalli aiki ya ƙare, ku matso ku ji.

Lokacin ni ne injiniya mai lissafin ruwa, ƙarƙashin shugabar sashenmu, Madam Ramatu. An ba mu tsara kanibo, wato magudanar ruwan sama, a wani layi na unguwar. Ginin kansa ba zai fara ba sai bayan damina, ga shi muna cikin watan Mayu, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Ga wanda bai san aikin ba, haka yake tafiya. Masu awo su fita su auno tudu da kwarin wurin. Mu zuba awon cikin manhaja, mu sakar mata ruwa irin na babban hadari. Sai ta zana layin a allo, ta nuna da shuɗin launi inda ruwa zai bi da inda zai kwanta. Inda shuɗin ya yi duhu, nan ne zurfi. Amma kafin mu yarda da ita, sai mun gwada maganarta da shaidar da ruwan bara ya bari a jikin katangu.

Nan aka samu saɓani. Manhaja ta ce ruwa zai bi tsakiyar layi ya gangara kwari abinsa, katangu suka ƙaryata ta. A gidan wani tela, Malam Idi, mutumin Dogondutsi mai ɗinki a kasuwar Wadata, shaidar ruwa ta kai gwiwa. Gidan ƙasa ne. Gindin bangon ɗakin da 'ya'yansa ke kwana ya zaizaye har kana iya cusa hannu. Ba sai injiniya ba, kowa ya duba ya san bangon nan ba zai ɗauki wata damina irin ta bara ba.

Na koma da masu awo. Ashe awon da muka fara aiki da shi tsoho ne, tun kafin mutanen layin su shiga abin da duk Yamai ta iya: ruwa na taɓa ƙofarka, ka kira kamiyo, babbar motar kaya, ya juye maka jar ƙasa, ka yi tudu. Na ƙasa da kai ya ga ruwanka ya dawo masa, shi ma ya yi nasa ya ɗara naka. Haka aka yi ta miƙa ruwa daga ƙofa zuwa ƙofa. Tudun da ya fi kowanne shi ne na Alhaji Seyni, wani ɗan kasuwa, wanda ya ci rabin hanya aka shafe shi da siminti. Ruwa na zuwa ya bugi tudun, ya karkata kai tsaye gidan Malam Idi, wanda bai yi tudu ba. Da na shigar da tuddan nan cikin manhaja, shuɗin ya kwanta daidai inda katanga ta nuna.

Kun san ni da saurin hawa. Na ce wa Madam, “Ranar taron unguwa zan haska shi a bango, kowa ya ga mai tura wa bawan Allah ruwa.”

Ta dube ni ta saman tabarau. “Tudun kake so ya sauka, ko Alhaji kake so ya ji kunya? In ka kunyata dattijo gaban 'ya'yan cikinsa, tudun nan sai dai ya ƙara tsawo.” Ta ce in bi ta hannun mai unguwa, a nuna wa Alhaji shi kaɗai kafin taro. Na tafi ina gunaguni, amma na tafi.

Bayan la'asar muka isa, ni da mai unguwa. Alhaji dattijon Bazabarme ne, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta da kwana-kwana. Aka yi fofo, gaisuwar Zabarmawa, aka gaisa har aka gaji, aka kawo shayi.

“Injiniya, an ce kana da inji mai ganin ruwa tun bai zubo ba.”

Na ce, “Baba Alhaji, ba gaibu yake gani ba, lissafi ne kawai.”

“To mu ga lissahin.”

Na buɗe, na nuna masa gidansa, na saki ruwa. Ya sunkuyo yana kallon shuɗin na gangarowa, ya bugi tudunsa, ya juya. Ya ɗora yatsa inda launin ya yi duhu. “Wanga wuri fa?”

“Gidan Malam Idi ne.”

“Har ina?”

Na nuna gwiwata. Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Ni ban tura ma kowa ruwa ba. Na sama suka turo mini, na kare ƙofata. Laihi ne?” Na ce gaskiya ya faɗa, ba shi ya fara ba. Sai ya ce, “Hidda nawa mu gani.”

Wannan ne abin da nake tsoro, don na riga na gwada a biro. Na cire tudun, na sake sakin ruwa. Shuɗin gidan Malam Idi ya dusashe, ya ja baya daga bangon. Amma wani ya silalo cikin zauren Alhaji da garejinsa.

“Nan inda muke zamne?”

“Nan, Baba. Zai kai idon sawu.”

Na ce a raina shi ke nan, an gama magana. Mai unguwa ya duƙar da kai yana juya kofin shayi. Sai Alhaji ya tambaye ni, “Injin ga ya san gidan Idi na ƙasa ne, nawa na siminti?”

“Bai sani ba. Tudu da kwari kawai ya sani.”

“To ni na sani.”

Ya sa na cire tuddan layin duka. Ruwan ya bazu ko'ina kaɗan-kaɗan ya wuce, bai shiga ɗakin kowa ba. Ya ce da mai unguwa a kira taro.

Ranar taron, ina haɗa waya ke nan ya miƙe ya ce, “Injiniya, fara da gidana.” Da sandarsa ya riƙa nuna bango, yana bayani da Zabarmanci yana maimaitawa da Hausa, ni dai nawa danna maɓalli. Ya ce gobe za a fasa nasa. Wasu suka bi shi. Wasu suka ce su za su jira kanibo, tuddansu suna nan daram. Wallahi na ji haushinsu, don na san wanda zai sha ragowar ruwan.

Cikin watan Agusta aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ya ɗauke na hau moto, wato babur, na tafi. Na fara da gidan Malam Idi: tsakar gida ta jiƙe, bangon yana tsaye, ƙasan ɗakin a bushe. Shi kansa ba ya nan. Can na same shi a zauren Alhaji da tsintsiya, suna korar ruwa. An shanya dardumai a kan katanga, Alhaji ya naɗe wando har ƙwauri.

Yana ganina ya ɗaga murya, “Injiniya, injinka maƙaryaci ne! Ya ce idon sawu, ga shi ya wuce.”

Na ce, “Baba, a yi haƙuri.”

“Haƙurin mi? Darduma ce, za ta bushe. Karɓi tsintsiya.” Na cire takalmi na karɓa, raina fari tas.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: manhaja za ta gaya maka inda ruwa zai bi, amma ba ta san wanda zai yarda ya shigar masa gida don na maƙwabcinsa ya tsaya ba. Don haka in kun ga shuɗi ya gushe daga wani wuri a allonku, kada ku yi saurin murna. Ku nemi inda ya koma, ku tashi ku je ku yi sallama da mai gidan.