Hannun Nurul Absar

Nurul Absar mutumin tsibirin Sandwip ne. Shekara ashirin da shida yana aikin teku, har ya zama mai riƙon tuƙin rana a wani jirgin dakon siminti na birnin Chittagong. A ɗakin tuƙin akwai na'ura mai gadin mai gadi: duk minti goma sha biyu fitilarta ta hau ƙiftawa, in ba ka danna maɓalli ba ta kwarma ihu, in ka ƙara jinkiri ta kira kyaftin a ɗakinsa. Don kada barci ya sace mutum jirgi na tafiya aka yi ta.

Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi wa Absar ihu ba, yana kuwa tinƙaho da haka. In ya zo hutu matarsa kan ce, "Baban Rumki, me bangon nan ya tsare maka? Ko gyangyaɗi kake sai ka dungure shi." Sai ya yi dariya.

Wata Talata ya cika cikinsa da shinkafa da miyar busasshen kifi, ya karɓi aiki. Ya duba agogo, ɗaya da kwata. Ya sake dubawa, biyu da minti biyar. Tsakani babu komai, wallahi, kamar an datse da almakashi. Jirgi ya zarce inda ya kamata ya karya kwana, ga kwale-kwalen masunta yana tangaɗi a gefe, suna ta ɗura masa ashar. Na'ura kuwa tsit. Sau huɗu hannunsa ya danna maɓallin, shi hankalinsa ba ya nan.

Tsoro ya kama shi. Da la'asar kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Absar-bhai, ɗan'uwana, da kowa irinka ne, da tuni na cilla wannan abar a teku."

In Absar ya faɗi abin da ya faru, likita zai karɓe takardunsa, shi da teku sai kallo. Ya ce, "Allah dai ya tsare, Saheb, ranka ya daɗe."

Washegari ya ɗaure hannun damansa a jikin kujera da mayanin goge gumi. So yake na'urar ta yi ihun, a kama shi, ya huta da ɓoyo.

Ya farga ƙarfe uku saura. Na'ura shiru. Hannun dama na nan a ɗaure, babban yatsan hagunsa na kan maɓallin. Ga bakin kogi a gaba, jiragen fito maƙil da mutane suna ta ƙetarewa.