Ƙofar da Amparo ba ta rufewa da rana

Da ƙarfe biyu na rana garinmu yakan mutu murus. Kantuna a rufe, kowa ya ci ya miƙe ƙafa sai biyar. Ƙofa ɗaya ce ke zama a buɗe, ta ƙaramin asibitin da Amparo Lucena ta shekara ashirin da shida tana duba marasa lafiya a ciki. Takan zauna da burodi da zaitun a cinya, tana jiran matan Maroko masu tsinkar tumatir, don a lokacin ne kaɗai ake sakinsu daga rumfunan ledar da ake noman tumatirin a ciki.

Takardar zamansu ta wata shida ce, a ɗaure da sunan mai gona. Wadda ciwo ya sa ta yi fashin aiki, sai a goge sunanta daga jerin waɗanda za a kira baɗi. Shi ya sa suke ɓoye cuta.

Haka Mbarka, mai 'ya'ya uku a gida, ta zo da hannu a kumbure suntum, maganin feshi ya cinye fatar.

"Kwana nawa, 'yar'uwa?" in ji Amparo.

"Tara. Don Allah kar ki rubuta. In shugaban gonar, Eusebio, ya gani, tawa ta ƙare."

Tsohuwa Pura, maƙwabciyar asibitin, ta leƙo ta taga. "Amparo, asibitin namu ya koma na baƙi ke nan?"

"Pura, tumatirin da kika ci ɗazu, da ƙafarsa ya shigo tukunyarki?"

Amparo ta rubuta gaskiya, cewa aikin ne ya ƙona hannun. Ta taka cikin zafin rana har gonar, ta nuna wa Eusebio takardar. "Goge sunanta, ni kuma in kai wannan inda ka sani." Ya yi ta ƙunƙuni, amma sunan ya zauna. Wata uku ana ɗauke wa Amparo kai a ƙofar coci. Abin ya ƙona mata rai, mun sani, kuma yawancinmu shiru muka yi. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Amparo, ke ce kika sayar da barcin ranarki don waɗanda ko gaisuwa garin nan ke musu rowa. Bana Mbarka ta dawo karo na tara.

Ranar Juma'a za ki ajiye aiki. Mun gode, Amparo, uwar baƙi. Wanda zai karɓi makullin nan, roƙonmu ɗaya ne: in biyu ta buga, ya bar shi a aljihu, ƙofar a buɗe.